Juma'ar Da Muka Bar Wuta

Watan jiya aka kawo katafila filin da ke gangaren Moshi Zango, bayan tsohuwar mayankar katako, wai za a gina shaguna hawa biyu. Na lallaɓa da sandata bayan la'asar don in ga abin da ake yi, sai na tarar ƙasar da aka tono tana ta ƙyalli, kore da fari da ruwan zuma, yara suna tsinta iyaye mata suna korarsu. Wani saurayi mai gyaran waya ya tambaye ni ko a da bolar mashaya ce a wurin. Na ce masa a'a, kamfani ne, a nan ake narka kwalba a yi ƙwan fitila da kofuna. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa tsohon da ya fara sakin layi, ya ce ai Ghana ba a yin gilashi, daga Chaina ake kawowa. Ban ja da shi ba. Na dawo gida jikina a sanyaye, domin a wurin nan ne aka ɗora wa wani bawan Allah laifin da ba nasa ba, ni ne kuma mai laifin, har yau mutanen Zango ba su sani ba.

Kamfanin na wani Ba'asante ne da muke kira Wofa, wato kawu da bakinsu. A can bakin teku ya koyi aikin, a wata babbar ma'aikata, ya dawo Kumasi da bututun ƙarfe guda biyu da taurin kai. Ya kafa rumfar kwano, ya sa aka gina masa murhu da jan bulo, yana hura shi da baƙin man da makanikai ke zubarwa. Mutane suka yi ta yi masa dariya, har zamanin da kayan waje suka yi wuya a ƙasar nan, lokacin da idan ƙwan fitilarka ya fashe sai dai ka koma aci-bal-bal ka sha hayaƙi. Nan fa dariya ta koma layi a ƙofar Wofa. Rumfa ɗaya ta zama uku, aka ƙara kofunan shan ruwa da manyan kwalaben alewa na masu tebur, aka sayi tsohuwar akori-kura mai kai kaya kasuwannin Kejetia da Adum. Danginsa ba sa son zafin, don haka mu 'yan Zango muka cika wurin, Hausawa da Moshi da Dagomba da Zabarmawa, kowa da irin Hausarsa, kuma ana fahimtar juna sarai.

Yanzu idan gari ya waye kukan babur da janareto ne ke tashe ni. A wancan zamani ƙarar kwalba ce. Tun da sassafe mata ke dawowa daga unguwanni da kwanduna a ka, su juye fasassun kwalabe a tsakar filin, wani irin sauti mai sa haƙora tsami. Sai su zauna a kan kujerun tsuguno, hannuwa a naɗe da tsumma, suna ware fari daban kore daban, suna wanke su a rabin duro, suna gulmar duk wanda ya gifta. Babu wadda ba ta da tabo a yatsu, kuma ba a shiga filin nan ba takalmi ko da kai waye. Daga ciki murhu na gurnani ba dare ba rana, warin baƙin mai ya kama tufafinmu har matanmu suka daina ƙorafi. Da rana mai tuwon zafi ta zo ta ajiye tukunyarta nesa da filin, ta rufe da faranti ta ɗora dutse, domin an taɓa samun ɓarɓashin kwalba a miya, wani ya yi kwana uku yana tofar da jini.

Ni mai busa ne, kuma ba don yabon kai ba, babu wanda ya kai ni a lokacin. Ka tsoma bututu a cikin narkakkiyar kwalba, ka naɗo ta tana ja kamar tsakiyar garwashi, ka juya, ka sa a mazubin ƙarfe, ka busa numfashi ɗaya ba yankewa, a buɗe mazubi ga ƙwan fitila ya fito. Ina da ƙirji, ina da sabuwar amarya, ina kuma da baki. Shugabanmu a wurin aiki wani tsohon Bamoshe ne, Baba Salifu, wanda wuta ta cinye masa gira tun kafin a haife ni. Shi ne yake ce mini busa ai wasan yara ne, aikin yana wurin hucewa. Kayan da aka busa ba a barin su su sha iska. Ana ɗauka da zafinsu a jera a wani dogon tanderu da ake hurawa da guntayen katako, a riƙe zafin daidai na tsawon yini, sannan a rage wutar kaɗan-kaɗan har washegari. Idan wutar ta faɗi farat ɗaya, kwalbar za ta fito lafiya lau a ido, amma a cikinta a ɗaure take, kuma ranar da ta ga dama za ta tarwatse. Baba Salifu yakan ce kwalba tana da riƙo, ba ta mance wulaƙancin da aka yi mata tana da zafi.

Mai kula da wannan tanderu shi ne Adongo, wani Bafarafare daga can arewa, siriri, mai tsage a kumatu, ba ya son yawan magana. Ba ya buƙatar wani ma'auni, kuncinsa kawai yake kusantarwa jikin bulo ya san ko a ƙara itace ko a janye. Amfaninsa mafi girma a wurinmu shi ne ranar Juma'a. Da an yi kiran farko sai mu ajiye bututu, mu wanke baƙin jikinmu, mu sa fararen riguna mu tafi masallaci gaba ɗaya, a bar Adongo shi kaɗai da wuta tun da shi ba ya salla. Shekaru aka yi a haka. Muna tsokanarsa muna ce masa limamin tanderu, shi kuma ya yi murmushi ya ce mu roƙa masa Allah ya ba shi mata. Ba mu taɓa zama mun yi tunanin cewa Juma'armu a kan kafaɗarsa take tsaye ba.

Ni na ja shi zuwa Musulunci, wannan kam gaskiya ne. Muna zama a inuwar mangwaro lokacin hutu ina biya masa Fatiha, harshensa na tuntuɓe a kan haruffa, yana sake ɗauka ba ya gajiya. Har ya koma kirana Malam, ni da ban sauke ba. Ina jin daɗin sunan ƙwarai. Na koya masa alwala, na koya masa cewa Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne, wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa Allah zai rufa nasa. Wannan ta shiga ransa, ya sa na maimaita masa ita sau biyu. Da ya ce ya shirya, aka sa ranar Juma'a mai zuwa zai karɓi kalmar shahada a gaban jama'a, aka zaɓa masa suna Abdulai, matan filin suka haɗa masa farin yadi aka kai wa tela.

A makon nan abubuwa biyu suka faru. Na farko, aka kawo buhu guda na shuɗɗan kwalaben magani, Wofa ya ce kada a zubar, a zuba kaɗan a cikin farar. Duk abin da muka busa ranar Alhamis da safiyar Juma'a sai ya fito da wani ɗan shuɗi-shuɗi a gefe, kyakkyawa, irin wanda ba mu taɓa yi ba kuma ba mu sake yi ba. Na biyu, aka aiko wa Baba Salifu rasuwar ƙanensa a Techiman. Kafin ya hau mota ya kira ni gefe ya ce ya bar mini aiki, kuma wutar Juma'a amana ce, ko dai in samo wanda zai zauna ko in zauna da kaina in yi azahar a nan, Allah ba zai kama mai tsaron dukiyar mutane ba. Na ce masa ya tafi hankali kwance.

Ban nemi kowa ba. Wa zan nema? Direban Wofa ya tafi Adum da kaya, matan filin ba su san kan wuta ba. Ni kuma in zauna a gaban tanderu, wani ya tsaya kusa da ɗalibina a sahun gaba, a yi ta shi masa albarka? Zuciyata ta ƙi. Na yi lissafin cewa salla da huɗuba ba za su wuce sa'a guda ba. Da aka yi kiran farko na tura manyan guntaye har bakin tanderun, na jingina kwanon da muke rufe ƙofar da shi, na tokare da bulo ɗaya. Adongo ya fito cikin farar rigarsa, ta yi masa yawa a kafaɗa, ya tsaya yana duban tanderun. Sau uku yana tambayata wa zai zauna da wuta, sau uku ina ce masa na sa mutum yana nan tafe, ya wuce kada mu rasa sahu. Ya yarda da ni saboda ni ne malaminsa.

Ba a taɓa yin doguwar Juma'a irin wannan ba. Liman ya ga sabon Musulmi, huɗuba ta ƙi ƙarewa. Aka idar, aka kira Abdulai gaba, ya faɗi shahada, masallaci ya ɗauki kabbara. Tsofaffi suka yi layi suna rungumarsa, wannan ya ba shi hula, wannan carbi, wannan goro. Ni kuwa ana ta kama hannuna ana cewa na sayi gida a Aljanna. Muna cikin haka gari ya haɗa hadari, iska ta taso tana buga tagogi. Ina murmushi ina amsa gaisuwa, amma bulon nan guda ɗaya kawai nake gani. Da na samu na zame, da gudu na gangara cikin yayyafi. Na tarar kwanon a ƙasa can nesa, iska tana shiga tanderun kai tsaye, itacen ya cinye ƙurmus, toka ta yi fari. Na sa hannuna a jikin bulon da ba a iya kusantarsa, na bar shi a wurin, bai ƙone ni ba.

Na hura sabuwar wuta da sauri, na mayar da kwanon, na share sawun ruwa. Na san ɗumama abin da ya riga ya huce ba ya warware ɗaurin, sai dai ya ɓoye shi. Sauran ma'aikata suka dawo suna raha ba wanda ya lura. Adongo ne ya zo daga baya, ya cire sabuwar hularsa, ya kusantar da kuncinsa, sannan ya durƙusa ya tona tokar da sanda. Ya daɗe a durƙushe.

"Malam, wuta ya yi barci," in ji shi a hankali. "Mutumin ka bai zo ba?"

Na ce masa ya zo ya tafi da wuri, ɗan sanyi ne kaɗan, babu komai. Ya girgiza kai ya ce a fasa su duka a mayar murhu. Nan na yi amfani da bakin nan nawa. Na ce idan muka fasa aikin kwana biyu, Wofa zai ce sallarmu ce ta ɓata masa kaya, zai hana kowa zuwa Juma'a, kuma za a ce ranar farko da Abdulai ya shiga masallaci asara ta shigo kamfani. Na tambaye shi ko haka yake so a riƙa tunawa da ranarsa. Ya mayar da hularsa, ya ɗauki itace ya ci gaba da aikinsa.

Washegari aka kwashe kayan, babu ko tsaga ɗaya. Mata suka yi ta sha'awar launin, aka naɗe su da takarda aka jera a kwali cikin ɗusar katako, aka kai ɗakin ajiya. Ranar Lahadi da tsakar rana na shiga ɗakin ɗauko igiya, ba kowa, ba iska, sai na ji ƙas daga cikin kwalayen. Ƙaramin sauti ne, kamar an taka busasshen ganye. Na tsaya cak. Can sai na sake jin wani daga ɗaya kusurwar. Na buɗe na laluba, na samu ƙwai biyu sun rabe gida biyu ba wanda ya taɓa su. Na kwashe a aljihu na zuba a tulin filin. Kwana uku ina wannan sintiri, kullum sai na fitar da ɗaya ko biyu, kullum ina gaya wa kaina marasa ƙarfin ne ke fita, sauran lafiyarsu ƙalau. Adongo yana ganina ina shiga ina fita, sai ya daina zuwa gindin mangwaro. Ranar Laraba akori-kura ta kwashe su zuwa Kejetia, kafin la'asar an sayar da su tas, mata har rububi suke yi saboda shuɗin.

Labari ya fara zuwa a guntu-guntu. Wata a unguwar Aboabo ta ce tana kunna fitila ƙwan ya fashe a hannunta. Wani mai shayi ya kawo ɓaraguzai a takarda yana faɗa. Wofa ya musanya musu, ya ce ƙila kananzir ɗinsu gauraye ne. Baba Salifu ya dawo daga zaman makoki ya ji, ya karɓi ɓaraguzan yana juya su a tafin hannu. Ni a kwanakin nan ko tuwo ba ya wuce mini. Idan magariba ta yi, na ga ana kunna fitilu gida-gida tun daga gangare har tudu, sai in riƙa ƙirga su da ido ina tambayar kaina wanne ne a ciki. A gidana na ce wa amaryata idona ba ya son hasken ƙwai, muka koma aci-bal-bal, tana ta mita a kan hayaƙi.

Sai abin ya faɗa a kan Azara, 'yar wata mai koko da ke bayan layinmu, yarinyar da ko wayo ba ta gama yi ba. Bayan magariba uwar ta kunna fitila ta ce ta tsince mata tsakuwa daga waken ƙosai. Yarinya ta sunkuya kusa da haske don ta gani da kyau. Ƙwan ya tarwatse a fuskarta. Daga tsakar gidana na ji ihun. Aka ɗauke ta a zane zuwa asibiti, likitoci suka ceci ranta da ido ɗaya, na dama ya tafi. Da safe uban ya zo kamfani da mutanen unguwa a bayansa, ya ajiye ƙarfen fitilar a gaban Wofa, da sauran shuɗin gilashi a maƙale a jikin waya.

Baba Salifu ya tara mu a gaban tanderun. Ya ce shuɗi sau ɗaya aka yi shi, Alhamis da Juma'ar da ba ya nan, kuma babu abin da ke sa kwalba ta yi haka sai faɗuwar wuta. Ya tambaya wa ya bar wuta. Idonsa a kaina yake, domin ni ya ba amana. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma na tuna matata na da ciki, na tuna mutanen da ke tsaye a ƙofa da abin da ke hannun wasunsu, na tuna waɗanda suka kama hannuna a masallaci. Kafin in haɗa kalma ɗaya sai Adongo ya matso gaba.

"Baba, wuta nawa ne," ya ce. "Kowane Juma'a ni ne. Ni na bari shi na tafi."

Baba Salifu bai dube shi ba, ni ya ci gaba da kallo, ya tambaye ni ko haka ne. Na sunkuyar da kai. Shirun nan nawa shi aka ɗauka a matsayin amsa. Da ƙyar tsofaffi suka hana a taɓa Adongo, Wofa ya sallame shi a take. Tsohon kuwa tun daga ranar bai sake kiran sunana ba har ya bar duniya, idan yana son wani abu sai ya ce a gaya wa mai busa.

Abin da ya biyo baya ya fi korar muni. Sunan Abdulai ya ɓace daga bakin mutane kamar ba a taɓa raɗa shi ba, aka koma Adongo, wasu ma sai su ce arnen nan. Aka ce da ma da biyu ya shigo, aka ce tsafin garinsu ne ya biyo shi don ya bar shi, aka ce wani ya gan shi yana tofi a tanderu. Waɗanda suka ba shi hula da carbi su ne suka riƙa matsawa idan ya tsaya kusa da su a sahu. Shi kuwa maimakon ya ɓuya, sai ya ɗauki buhu ya shiga bin gidaje, Moshi Zango da Aboabo da Sabon Zango, har rumfunan Kejetia, yana sallama yana roƙon duk mai shuɗin ƙwai ya ba shi. Wasu su bayar, wasu su watsa masa ruwan wanke-wanke, wasu matan su ɓoye nasu a akwati saboda kyansa. Abin da ya tara sai ya kai bakin rafi ya farfasa da dutse ya binne. Ina ganinsa daga nesa da yamma, buhu a kafaɗa, farar rigar ta koma ruwan ƙasa, sai in sauya hanya.

Sau ɗaya muka yi ido huɗu, ranar da zai tafi, a tashar motocin arewa. Ban je don shi ba, kaya na kai. Ya taso ya gaishe ni da hannu biyu yadda ake gaida malami, ya tambayi jikin matata. Sannan ya ce akwai sauran shuɗɗan ƙwai da bai samu ba, in sa ido. Ya kuma ce in gyara masa wani wuri a tahiya da yake mancewa. A tsaye a nan cikin hayaniyar 'yan kamasho na biya masa, ya maimaita har ya zauna, ya yi godiya ya hau mota. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba, amma ko a nan ban ce masa ya yafe mini ba.

Kamfanin bai mutu a lokacin ba, amma bai sake miƙewa daidai ba. Masu saye a Kejetia suka riƙa ɗaga ƙwanmu sama suna duba launi kafin su karɓa. Juma'a kuwa aka koma yin karɓa-karɓa, kowa da makonsa na zama, abin da tun farko ya kamata mu yi. Daga baya lantarki ya shiga lunguna, kayan waje suka dawo da araha, roba ta kori kofin gilashi, tocila ta kori fitila. Wofa ya tsufa, 'ya'yan 'yar'uwarsa da suka gaje shi ba wanda ke son warin baƙin mai. Ranar da aka kashe murhun, unguwa ta yi wani irin shiru da ya hana mutane sakewa kwana da kwanaki. Ni na koma sayar da goro, Allah ya buɗa mini, na je Makka, na yi jikoki, yau idan ana sulhu a unguwa ni ake kira in zauna a tsakiya. Labarin Adongo wani mai fataucin shanu ya kawo mini shi shekaru bayan haka. Ya ce a ƙauyensu ya mutu, shi kaɗai ne mai salla a garin, ya kewaye wani ɗan wuri da duwatsu a bayan ɗakinsa yana yi a ciki. Fataken da suka yada zango a kusa su suka yi masa sutura.

Azara ta girma a gabana da idonta ɗaya, ta yi aure, ta gaji tukunyar kokon uwarta, yanzu ita ma Mma Azara ake ce mata, da jikoki. Shekaranjiya da hantsi ta yi sallama a ƙofata. 'Ya'yanta za su kai ta Makka, tana zagayen neman gafara gida-gida kamar yadda aka saba kafin tafiya. Ta zauna a bakin tabarma, muka gaisa, ta ce idan ta taɓa yi mini wani abu in yafe. Na ce babu komai tsakaninmu sai alheri. Ta gyara mayafi ta ce ita ma ta yafe wa kowa koraa, wato kakaf, sai mutum guda, wanda ya ci mata ido. Ta ce malamai sun yi ta ba ta baki, amma zuciyarta ta ƙi, a gaban Ka'aba ma sai ta kai ƙararsa.

Ban san lokacin da na fara magana ba. Na gaya mata duka, tun daga bulon da na tokare ƙofa da shi har zuwa shirun da na yi a gaban Baba Salifu. Ba ta katse ni ba, ba ta yi kuka ba. Idon nan guda ɗaya yana kaina har na gama, na rasa inda zan sa fuskata.

"Baba Alaji," ta ce, "ka san tun yaushe nake cewa Allah ya isa a kan mutumin nan? Kowane asuba, tun ina yarinya. Ido na, ko zan yafe maka ko ba zan yafe ba, ban sani ba tukuna. Amma shi fa? Ina zan same shi yanzu in roƙe shi?"

Na ce ya rasu da daɗewa. Ta laluba takalmanta ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo ta ce ba a ɗaki aka ɓata shi ba, don haka ba a ɗaki za a wanke shi ba. Jirginsu ranar Lahadi ne, kuma Juma'a tana gaba da Lahadi. Za ta zauna a sahun mata kusa da taga inda ake jin lasifika sosai.

Jiya na je wurin liman na ce ina da magana bayan sallama. Ya yi murna, ya ɗauka gudummawar rufin masallaci zan sanar, har ya ce za a ajiye mini kujera a gaba. 'Ya'yana uku a masallacin nan suke salla, da surukaina, da jikokin da ke alfahari da sunana a makaranta. Na sa an wanke mini farar riga an goge. Tun safe nake gwada yadda zan fara, kuma duk lokacin da na zo kan sunan Abdulai sai in tsaya in sake daga farko. Gobe ne Juma'ar.